Rumbu Marar Jinka

Tun tana ƴar shekara bakwai, Auta ce ake sakawa cikin rumbu. Gidansu yana wani ƙauye ne a ƙasar Mirriya, kusa da Damagaram, kuma da yake ita ce ƙarama marar nauyi, duk ranar da za a yi ɗiba sai mahaifinta ya tokare jinkar rumbun da sanda, ya cira ta sama ya sauke ta ciki, ta riƙa miƙo masa zangarniyar hatsi har masaki ya cika. Da kaka, idan ta tsaya bisa hatsin, daga ƙugunta zuwa sama duk a waje yake, har tana hango tsakar gidan maƙwabta. Idan bazara ta yi nisa, kanta kaɗai ke leƙowa. Kafin a gama noman farko kuwa ta nutse ke nan, sai hannu ake gani yana fitowa da zangarniya yana komawa. Abin da ba ta gane ba sai da ta girma shi ne dalilin da ya sa da damina mahaifinta ba ya yarda a yi ɗiba sai da asuba, gari bai waye ba. Ashe ita ce ma'aunin. Duk wanda ya bi ta bayan danga ya ga iyakar inda yarinyar ta nutse, ya san abin da ya rage wa gidan, magidanci kuwa gara a san bashin da ke kansa da a san ƙasan rumbunsa.

Shekara goma sha biyar bayan haka, tana jami'a a Yamai tana karatun labarin ƙasa, sai rumbun nan ya sake tarar da ita a inda ba ta zata ba. Ba mai ne ya kai ta ajin hotunan tauraron ɗan Adam ba. So take ta koyi yadda ake bin ƙafewar tabkuna da tsirowar ciyawar makiyaya daga sama. Sunan nan ma abin lura ne ga mai koyon Hausa: mutane sun ga wani haske yana ratsa taurari da dare, aka ce musu ƙera shi aka yi aka harba, sai suka jingina shi ga ɗan Adam domin a raba shi da waɗanda aka tarar a sama. Wata rana malaminsu ya haska musu hoton wani fili a bango, cike da fararen da'irori jere kamar an shanya faya-fayi, kowace da baƙar inuwa mai siffar lauje kwance a gefe guda, wata siririya, wata mai kauri. Ya ce wannan garin Cushing ne na jihar Oklahoma a Amurka, ɗaya daga manyan matattarar ɗanyen mai, kuma wanda ya iya karanta laujen nan ya san abin da ke cikin kowane tanki ba tare da ya taka ƙasar ba.

Dabarar ba ta da wuya idan an ji ta. Manyan tankunan ɗanyen mai da yawa ba a kafa musu rufi a bisa bango. Rufinsu wani faffaɗan faranti ne na ƙarfe da ke yawo bisa man kansa, yana hawa idan an zuba, yana sauka idan an ɗiba. An yi haka ne don kada a bar sarari tsakanin mai da rufi inda tururi zai taru, domin tururin nan asara ne, kuma shi ne abincin gobara. To, idan rana ta bugi irin wannan tanki a karkace, inuwa biyu take yi. Akwai ta waje, wadda bango ke shimfiɗawa a ƙasa. Ita ba ruwanta da cika ko rashin cika, tsayin tankin kawai take faɗi. Akwai kuma ta ciki, wadda bangon ke saukarwa bisa rufin. Idan tanki ya cika, rufi yana daf da baki, inuwar ciki ba ta wuce zare ba. Yayin da mai ke raguwa rufi yana nutsewa, laujen yana ƙara kauri. Rana ɗaya ce ta yi inuwar biyu a lokaci ɗaya, saboda haka sai a gwada su da juna: idan ta ciki ta kai rabin ta waje, rabin tankin wofi ne. Faɗinsa kuwa ana auna shi daga hoton, a lissafa, a fitar da yawan ganga. Ganga a nan ba ta kiɗa ba ce, ma'auni ne na lita 159.

Auta ta yi dariya ita kaɗai a bayan aji har na kusa da ita suka waiwayo. Ba ta yi musu bayani ba. Yarinyar da ke tsaye bisa hatsi ta gani, da mutumin da ke wucewa ta bayan danga.

Masu wucewa ta bayan dangar mai kuwa ba don gulma suke leƙe ba. Farashin ganga yana bin abin da ke ajiye, kuma ƙasashe da yawa ba sa faɗin abin da suka ajiye, ko su faɗa bayan labarin ya kwana. Shi ya sa aka sami kamfanoni irin su Kayrros a Faransa da Orbital Insight a Amurka da suka mai da ƙirgar inuwa sana'a, suna sayar wa ƴan kasuwa. Malamin ya ba su labarin watan Afrilu na 2020, sa'ad da annobar korona ta tsayar da jirage da motoci, mai ya rasa masu saye, laujen Cushing suka yi ta sirancewa mako bayan mako. Ranar 20 ga watan farashin gangar Amurka ya faɗi ƙasa da sifiri, ya rufe a kan dala 37.63 ta bashi, wato mai kaya ne zai biya a raba shi da kayansa domin ya rasa inda zai zuba. Daga nan sai ya ja musu kunne. Ya ce abin da ya sa aka amince da wannan awo a Cushing shi ne hukumar makamashin Amurka tana fitar da nata lissafin kowane mako, saboda haka mai ƙirgar inuwa yana da inda zai gwada kansa ya ga ko ya yi daidai. Mudun da ba a taɓa gwada shi da wani mudu ba, in ji shi, ƙwarya ce kawai. Auta ta rubuta wannan a littafinta, ta ja masa layi, ta manta da shi.

A lokacin, man ƙasarta ya kusa samun hanyar teku. Tun 2011 ake haƙo shi a Agadem, can cikin rairayin jihar Difa, ana tura shi matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana. Wannan na cikin gida ne. Babban burin shi ne bututun da kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa daga Kulele, ya ratsa kudancin Nijar ya fita ta wajen Gaya, ya keta Benin daga arewa zuwa kudu har Seme a bakin teku, gabas da Kwatano, tafiyar kusan kilomita 2,000. An shirya shi ya ɗauki ganga 90,000 a rana. An yi bikin buɗe shi a watan Nuwamba na 2023, man kuma ya isa Seme a watan Afrilu na 2024.

Ga mutanen gidansu, duk wannan lissafi sunansa ɗaya: aikin Yaya. Babban wansu direba ne, yana jan motar ruwa ga wani ƙaramin ɗan kwangila da ke yi wa sansanonin masu aikin mai hidima. Ba albashi ne na a zo a gani ba, kuma ba a rubuce yake ba, amma shi ke biyan kuɗin ɗakin Auta a Yamai, shi ke sayen buhun da ke cike giɓin da ke tsakanin ƙarewar rumbu da zuwan sabon hatsi. Tun da Yaya ya sami aikin nan mahaifinsu ya daina tashin asuba don ɗiba. Da hantsi yake ɗaga jikansa ya saka a rumbu, wanda zai leƙa ya leƙa.

Sai siyasa ta shiga tsakani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki. Da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe tana kafa hujja da tsaro, gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama shiru. A farkon watan Mayu shugaban Benin, Patrice Talon, ya hana a yi lodin man a Seme. Da Sinawa suka sa baki aka bar jirgin farko ya ɗauki kimanin ganga miliyan ɗaya a tsakiyar watan. Ba a gama murna ba, a farkon Yuni aka kama ƴan Nijar biyar a tashar, Yamai ta mai da martani da rufe bututun, sannan wata ƙungiyar ƴan tawaye ta ce ita ta fasa wani sashe nasa a cikin daji. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma kowanne ya faɗe ta da ƙarfi a rediyo. Kafin babbar salla, wadda ta faɗo tsakiyar watan, Yaya ya dawo gida da jakarsa. An ce musu su je, za a kira su.

Ba a yi mako biyu ba ya fara kiranta kowane dare bayan lisha. Labarai sun yi masa yawa. Yau a ce tsofaffin shugabannin Benin biyu, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, sun zo Yamai neman sulhu, wanda gaskiya ne. Gobe wani ya turo murya a WhatsApp ya rantse an buɗe bututun a asirce. Jibi wani ya ce an rufe ke nan har abada. Shi kuwa yana da shawarar da zai yanke. Ɗan kwangilar yakan fara ɗaukar wanda ya gani tsaye a ƙofar ofishinsa a Difa, ba wanda ke ƙauye yana jiran waya ba.

"Auta, ba ke kika ce kuna ganin duniya daga sama ba? To ki duba mana. Man nan yana tafiya ko ba ya tafiya?"

"Yaya, abin ba haka yake ba."

"Ko ma yaya yake, ya fi jita-jita. Gani ya kori ji."

Ta kasa musa masa, domin ita ma a ranta haka ta ɗauka. Ta sayi intanet da kuɗin abincinta ta zauna.

Da hotunan Sentinel-2 ta fara, na shirin Copernicus na Tarayyar Turai, waɗanda kowa ke iya buɗewa kyauta. Taurarin suna bi ta kan wuri ɗaya duk kwana biyar, da misalin ƙarfe goma da rabi na safe. Abin da ta fara cin karo da shi fari ne fat. Watan Yuni tsakiyar babbar damina ne a gaɓar Benin, kyamara kuwa ido ce, ba ta keta girgije. Ta buɗe hoto bayan hoto, duk auduga. Ranar da ta dace da ɗan sarari ta ga tankunan Seme, sai dai murnarta ba ta daɗe ba. Kowane ɗigo na hoton fili ne mai mita 10 a tsaye da mita 10 a kwance, ke nan tankin da faɗinsa ya kai mita 80 bai wuce ɗigo takwas ba daga wannan gefe zuwa wancan. Ga shi wurin kusa da tsakiyar duniya yake, inda rana kan yi sama sosai tun da hantsi ta gajarta kowace inuwa. Laujen da ta gani ƙarara a hoton Cushing, a nan ko alamarsa ba ta iya rantsewa a kai. Akwai taurarin kamfanoni masu ganin abin da bai wuce santimita 30 ba, amma hotonsu na ranar da mutum ke so saye ake yi, da kuɗin da ɗaliba ba ta ko tambayar yawansa.

Ta juya arewa. Akwai taurarin da ke ganin zafi da dare, kuma wutar da ake ƙona iskar gas da ita a filayen mai takan fito musu kamar garwashi. Ta ga ba ta mutu ba a Agadem, zuciyarta ta yi sanyi, sannan ta tuna matatar Damagaram ba ta daina cin rabonta ba, ko bututun teku yana aiki ko ba ya yi. Wutar ba ta amsa tambayar Yaya ba.

Saura jirgi. A Seme manyan jiragen dakon mai ba sa zuwa gaɓa. Can cikin teku aka kafa musu turke mai yawo, wanda bututu ke isa gare shi ta ƙarƙashin ruwa, jirgi ya ɗaure a jikinsa ya sha ya tafi. Jirgin da ke ɗaukar ganga miliyan ɗaya tsawonsa yakan kai mita 270, abin da ko hoton kyauta ba zai ɓoye ba. Girgije kuma yana da magani, wato Sentinel-1, wanda ba ya jiran hasken rana: shi ke aiko da nasa sigina na radar ya saurari abin da ya komo, dare ko rana, da hadari ko babu. Ruwa mai kwanciya yakan watsar da siginar ya fito baƙi, ƙarfe kuwa ya mai da ita ya fito fari tas. Sai dai a nan ma akwai lissafin da ya kamata ya sanyaya mata gwiwa. A lokacin taurarin nan tagwaye ne, ɗaya ya lalace a ƙarshen 2021, wanda ya rage yana maimaita hanyarsa duk kwana 12. Bututun, ko yana gudu da duk ƙarfinsa, sai ya yi kwana 11 kafin ya tara cikin jirgi guda, jirgin kuma kwana ɗaya ko biyu yake yi a turke. Mai leƙa kasuwa sau ɗaya a kwana 12 yana neman baƙon da ke yini ɗaya, rashin ganinsa ba shaida ba ce, ganinsa kuma sa'a ce. Ta yi wannan lissafin a bayan littafinta. Ta san shi sarai.

A cikin watan Yuli, wani dare, sabon hoto ya fito. A cikin baƙin teku, kudu da gaɓa, ga wani farin tsinke kwance. Ta auna shi sau uku, tsawonsa ya doshi na jirgin da take nema. Ƙarfe ɗaya na dare ya wuce, amma ba ta iya jiran safiya ba.

"Yaya, na ga jirgi."

"Na mai?"

Nan ne wurin. Tsakanin tambayarsa da amsarta bai fi numfashi ɗaya ba, kuma a cikin numfashin nan ta san cewa abin da ta gani farin tsinke ne mai tsawon kaza a rana kaza. Ta kuma ji muryar mutumin da ya yi wata guda yana zaune a gindin bedi yana kallon ƙannensa suna tafiya gona.

"Na mai ne," in ji ta. "Girmansa ke nan."

Kwana biyu bayan haka aka kai akuyar mahaifiyarsu kasuwa. Yaya ya hau mota zuwa Difa, tafiyar yini guda, ya tarar da ofishin ɗan kwangilar a garƙame, maigadi kaɗai ke shan shayi a ƙofa. Ya yi kwana tara yana kwana a tasha, yana cewa ƙila labarin bai iso nan ba tukuna. Ran na goma kuɗin ya ƙare sai na mota, ya komo. Abin da tafiyar ta ci ya kusa kuɗin buhun hatsi, a watan da hatsi ya fi kowane lokaci tsada. Bai yi mata faɗa ba. Da ta kira tana kuka cewa ya yi, "Haba Auta, ai ba ke kika saka ni a mota ba." Ƙanwar babansu ce ta gaya mata, cikin wata hira daban, cewa tsohon ya koma yin ɗiba da asuba.

Ta kai hoton wurin malaminta. Bai ce komai ba sai da ya buɗe hotunan watannin baya ya jera su. Ya tambaye ta ina turken yake. Ta nuna wajen da take zato. Ya ce ba zato ya tambaya ba. Suka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya har suka tsai da ɗan ɗigon da ba ya gusawa daga wurinsa ko wane wata, sai ga shi farin tsinkenta yana nesa da shi ta yamma, a gefen inda jirage ke zaman jiran shiga tashar Kwatano. A hotunan watan Fabrairu ma, tun man bai iso ba, akwai irinsa a wajen. Radar ƙarfe yake gani, ba ya bambanta mai dakon shinkafa da mai dakon mai. Jirage kuma suna ɗauke da na'urar da ke shelar sunansu da inda suke, wadda ana iya dubawa a intanet. Ba ta duba ba, domin ta riga ta sami amsar da take so.

Kuskuren da ya fi wannan zurfi shi ne wanda malamin ya bari ta gano da kanta a hanyar komawa ɗaki. A ce ma jirgin na mai ne, a ce a turken yake. Me zai nuna? Tankunan Seme suna iya cika jirgi da man da ya iso tun kafin a rufe bututun, alhali ko ɗigo bai taso daga Kulele ba. A ce kuma man ya taso, wannan bai ce ɗan kwangila ya sami sabon aiki ba, bai ce zai nemi direban motar ruwa ba. Tsakanin farin tsinke a teku da ƙofar ofishi a Difa akwai matakai huɗu ko biyar, ta tsallake su duka da kalma uku.

Wannan bai rage darajar hotunan ba, ko da yake ta yi makonni ba ta son buɗe su. Inda tambaya ta dace da abin da ido ke iya gani, babu shaida kamarsu. Da aka kai hari kan cibiyar Abkaik ta Saudiyya ranar 14 ga Satumba 2019, aka tsayar da kusan rabin man da ƙasar ke haƙowa, cikin ƴan kwanaki duniya ta ga hudojin da ke jikin tankunan ɗaya bayan ɗaya. A tsibirin Kharg, inda mafi yawan man Iran ke fita, jirage sukan kashe na'urar shelar nan don kada a bi sawunsu, amma ba su da yadda za su kashe tsawonsu da faɗinsu, kuma masu bin su har nutsewar jirgi cikin ruwa suke dubawa su gane ko ya yi lodi. Sai dai waɗannan mutane ba sa magana da hoto ɗaya. Sukan tara na watanni, su san yadda wuri yake a ranar da babu labari, kafin su ce yau ya sauya. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Idon da ya san ƙima kuwa shi ne wanda ya daɗe yana kallon mudu.

Akwai kuma abin da ko hoton santimita 30 ba zai faɗa ba. A watan Afrilu na 2024 gwamnatin Nijar ta kulla yarjejeniya da CNPC ta karɓar dala miliyan 400 a matsayin kafin alƙalami, a biya daga man da za a fitar. Manomin da ya ci kuɗin hatsinsa tun yana gona, rumbunsa yakan cika da kaka kamar na kowa, mai wucewa ta bayan danga ya yi masa barka. Laujen inuwa yana faɗin ganga nawa ke cikin tanki. Na wane ne, nawa aka riga aka ci, nawa zai isa asibiti ko makaranta, wannan a takarda yake, takarda kuwa a cikin ɗaki mai rufi take.

A watan Agusta aka koma lodi a Seme. Auta ba ta ga jirgin ba. Hoton radar da ta buɗe kafin ranar baƙin ruwa ne da ɗigon turke, wanda ta buɗe bayanta ma haka. Yaya a rediyo ya ji, sannan bayan wasu makonni wani abokin aikinsa ya kira shi ya ce ya taho, an buɗe ofis. Wannan karon sai da ya sa abokin ya miƙa wa ɗan kwangilar wayar ya ji muryarsa kafin ya nemi kuɗin mota.

Da ta je gida hutu, hatsi ya fara fitar da kai. Wata yamma mahaifinta, wanda bai taɓa tayar mata da maganar akuya ba, ya zauna kusa da ita a tabarma ya ce ta nuna masa abin nan da ake ganin ƙasa da shi. Ta nuna masa Seme, ya dubi teku bai ce komai ba. Ta nuna masa Cushing, ta yi masa bayanin lauje. Nan ya matso. Ya sa ta maimaita, ya bi da'irorin da yatsa yana cewa wannan ya cika, wannan ya yi rabi, wannan mai shi ya shiga uku, kuma bai yi kuskure ko ɗaya ba.

"Su da kansu suka bar shi a buɗe?"

"Rufin ne ke yawo, Baba. Saboda wuta."

Ya jinjina kai. Can ya ce, "To nemo namu."

A hoton Sentinel ƙauyen duka bai wuce wani ɗan dabbare ba, rumbun kuwa bai kai ɗigo guda ba. Ta koma Google Earth, inda ake samun hotuna masu kaifi ko da sun kwana biyu, ta bi hanyar Mirriya, ta sami masallaci, ta sami rijiya, ta ƙirga gidaje har ta zo kan nasu. Ga bedi, ga danga, ga wani ɗan da'ira mai launin kara a kusurwar gabas, da ƴar inuwarsa kwance a ƙasa.

Tsohon ya karɓi wayar ya kai ta kusa da ido, ya daɗe yana dubawa.

"Da jinkarsa?"

"Da jinkarsa, Baba."

Ya miƙa mata wayar, ya jawo butarsa.